Yadda Na Duba Giyar Motar Baffa a Tsaye

Shekarar da ambaliya ta kwashe shinkafar mutanen Miga da Ringim, ita ce shekarar da na shiga ajin yaƙi da jahilci a Dutse, kuma ita ce shekarar da surukina ya ba ni mota. A lokacin na fara haɗa baƙi da wasali, ina tafe a hanya ina karanta allunan shaguna a zuci, har na taɓa zurma ƙafa a kwata saboda wani allon mai sayar da katifa.

Dusa da harawa da kanwa nake sayarwa a bakin kasuwar dabbobi. Asalinmu makiyaya ne. Kakana da garke ya zo ƙasar nan, amma abin da ya iso hannuna daga gadon bai wuce sanda da kunya ba, sandar kuwa ta ɓace tuntuni. Ina saurayi na yi yaron mota a hanyar Kano, a nan na koyi tuƙi, kuma saboda wannan ake yi mini kallon masanin mota a gidan surukaina. Ban taɓa cewa ni masani ne ba. Ban kuma taɓa musawa ba.

Surukin nawa, wanda muke kira Baffa, yana wani ƙauye a ƙasar Miga. A zamaninsa ya yi fataucin shanu zuwa kudu, ya samu, ya sayi wata doguwar mota ƙirar Turai, ruwan madara, wadda ko a lokacin ta hannu ce. Fitilunta zagayayyu, kujerar gabanta doguwa kamar benci. Abin da ya fi ba mutanen garin mamaki shi ne ba ta da kuloci. Tun kafin irinta su cika gari, ita take canza wa kanta giya. Da harka ta ja baya, direbansa ya kama gabansa, injin ya yi shiru, sai aka tura ta jikin katanga a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida, aka ɗora ta a kan bulo don kada tayoyi su ruɓe. Sun ruɓe duk da haka. Baffa ya mayar da gindinta majalisa. Daga hantsi zuwa magariba yana kan buzunsa, ya jingina da ƙofarta ta baya, tsofaffin unguwa suna kewaye da shi. Tsohuwa suke ce mata.

Da ruwa ya janye na je yi musu jaje. Na tarar ya shigo har ƙofar gida, ya bar wa motar zanen laka a jiki. Na tuɓe takalmi daga nesa, na durƙusa, muka gaisa. Ina shirin ja da baya Baffa ya ce, "Malam, matso."

Na matsa kaɗan, kaina a ƙasa.

"Ka ga Tsohuwa? Na ba ka ita."

Na ce, "Allah ya ƙara girma, Baffa."

"Amma da sharaɗi. Ka gyara ta, ka kai ni Ringim a cikinta sau ɗaya. Yayata tana can, ido ya yi rauni, ƙafa ta ƙi. Ranar da na sayo motar nan ita ta fara shiga, kafin iyalina ma. Har yau duk wanda ya je gaishe ta sai ta tambaye shi ko motar tana nan. Ina so ta ji ƙararta a ƙofar gidanta tun muna da rai. Daga nan ka yi yadda ka ga dama da ita."

Na ce in Allah ya yarda. Tsofaffi suka sa albarka. Na dawo Dutse a motar haya, an matse ni tsakanin buhun gero da wani mai tari, amma a raina ni mai mota ne da ya ga dama ya shiga cikin talakawa.

Ɗan gwaggona bakanike ne, garejinsa yana bayan tasha. Taubashina ne, don haka babu ragi tsakaninmu, kuma tun da ya ji na shiga aji ya raɗa mini Farfesa. Na same shi ya tura kai cikin bonet ɗin wata mota, na ba shi labari. Ya san Tsohuwa, ya taɓa ganin ta yana koyon aiki.

Ya ce, "Inji ba abin damuwa ba ne. Irin injin nan ko ya shekara a rijiya zan tashe shi. Giyar ce abin ji. In ta mutu motar ta zama akurkin kaji, don ko a Kano ba za ka samu irinta ba."

Na ce, "To sai a ɗaura mata igiya a jawo ta nan."

"Dakata, Farfesa. Atomatik ce. Ba a jan ta kamar ana jan akuya kasuwa."

Ya tsuguna, ya share ƙasa da tafin hannu, ya fara zane da sukudireba. Ya ce giyar irin waɗannan motoci kala biyu ce. Ta farkon fitowa tana da famfon mai guda biyu, ɗaya inji ke juya shi, ɗayan kuma tayoyin baya. Ita ko inji a kashe yake, muddin tayoyi na juyawa mai yana zagaya cikinta, ana iya jan ta lafiya. Wadda ta fito daga baya kuwa an cire mata famfo na biyun. In aka ja ta inji a kashe, ƙarafan cikinta za su yi ta gogar juna a bushe har su ƙone.

Na ce, "Ai mota mai waɗannan shekarun dole ta farko ce."

"Jiki daban, ciki daban. Ka san hannu nawa ya shiga cikinta kafin ta zo wa Baffa, da bayan ta zo? Dubawa za ka yi."

"Yaya ake dubawa?"

"Ka shiga ƙarƙashinta ka kwanta rigingine. A ƙasan giyar za ka ga kaskon mai. Ka kankare lakar. Ta farko, notinan kaskonta jere suke kusa da juna, sun zagaye shi kamar maɓallan riga. Ta baya, 'yan kaɗan ne, nesa da juna. A gefe kuma akwai wani ɗan ƙarfe mai rubutu. Tunda yanzu kai malami ne, ka karanto mini."

Ya jawo sifana daga aljihu ya miƙo mini. Ya ce in na ga ta baya ce, in kwance farfela, wato dogon ƙarfen da ya haɗa giya da tayoyin baya, shi kenan ana iya jan ta har Legas.

Na ce, "Ka zo mu je tare mana."

"In rufe gareji don in je in ƙirga maka noti? Ashe ba a koya muku lissafi a ajin naku?"

Na tafi ina jin daɗi, musamman batun ɗan ƙarfen nan. Har zuwa lokacin duk abin da na karanta na wasu ne, allon mai katifa da na mai gyaran waya. Wannan ne karo na farko da karatuna zai yi wa wani amfani.

Sai da na isa ƙauyen na tsaya a gaban motar, sannan na gane abin da na ɗauko wa kaina. Gefe ɗaya ya manne da katanga. Ɗaya gefen kuwa nan ne buzun Baffa yake. In zan ga kaskon nan, sai na kwanta rigingine a cikin ƙasa, na ja jiki da baya kamar kunkurun da aka kifar, rigata ta tattare, tafin ƙafafuna kuma suna kallon fuskar surukina. Ni da fiye da shekara ashirin ban taɓa kurɓar ruwa a gabansa ba. Ban taɓa miƙe ƙafa ba, ban taɓa kwana a garin ba, ko tari ya taso mini haɗiye shi nake yi sai na fita. Akwai fili a ƙarƙashin motar, bulo ya ɗaga ta sosai. Wurin shiga bai yi mini kaɗan ba. Ni ne na kasa.

Na fara da abin da ake iya yi a tsaye. Na buɗe bonet, na ƙura wa injin ido, na ƙwanƙwasa nan, na ƙwanƙwasa can, na gyaɗa kai. Tsofaffi suka zuba ido suna kallon aiki. Na zagaya baya na buɗe but, na tarar da igiyar shanu da wani tsohon sirdi, su ma na gyaɗa musu kai.

Daga nan na tuna da waya. Na tsuguna kamar mai duba taya, na zura hannu ƙarƙashi, na danna. Da na ciro, sai ga hoton hancina da rabin hulata, ashe fuskar kyamarar ni take kallo. Na juya ta na sake zurawa. Wannan karon baƙi ƙirin ya fito, da wani abu a tsakiya mai kama da tsohon tulu.

Wani tsoho ya ce, "Hoto kake yi mata, Malam?"

Na ce, "Na tarihi ne, Baba."

Bayan azahar tsofaffin suka watse zuwa wata gaisuwar mutuwa a unguwar gaba. Baffa ya yi hamma, ya ce bari ya shiga ciki ya ɗan kishingiɗa. Ya ɗauki butarsa ya shige zaure. Na duba gabas, na duba yamma, babu kowa sai wata tunkiya. Na ciro sifana, na tattare riga, na sa gwiwoyi a ƙasa, na kai kafaɗa ɗaya. Kaina ya fara shiga inuwar motar kenan na ji sallama daga bakin zaure. Inna ce, surukata, da ƙwaryar fura a hannu.

Ban san lokacin da na juya ba. Tunda gwiwoyina suna ƙasa, sai kawai na mayar da abin gaisuwa, goshina ya kusa taɓa turɓaya. Ta ce, "A'a, Malam, ai sai ka tashi, wannan ladabi har ina." Ban tashi ba. Ta tsaya daga bakin zaure tana tambayar yara ɗaya bayan ɗaya, da wanda ya yi ƙyanda, da wadda aka yaye, da kuɗin dusa a Dutse, har Baffa ya fito ya koma kan buzunsa. Daga baya maiɗakina ta gaya mini Inna ta ce a duk surukanta babu mai tarbiyyata.

La'asar ta gabato, motar komawa Dutse ba ta jira. Dabara ta ƙarshe ta zo mini. Na tsaya daidai tsakiyar motar, na sunkuya kamar zan duba ƙofa, na girgiza kai, hulata ta faɗi. Na sa ƙafa na ɗan tura ta ƙarƙashi. Sai na duƙa ɗaukowa, na leƙa. Leƙen bai fi na mai satar kallon amarya ba. Amma na gani. Can cikin duhu ga kasko, ga kuma wasu ƙulle-ƙulle jere a bakinsa, kusa da juna, sun zagaye shi. Maɓallan riga sak.

Na miƙe, na kaɗe hula, na sa. Tsofaffin sun dawo a lokacin. Na gyara murya na ce, "Baffa, ta farkon fitowa ce. Mai famfo biyu. Ana iya jan ta."

Wanda ya tambaye ni batun hoto ya ce, "Ikon Allah. Daga tsaye?"

Na kusa da shi ya ce, "Karatu kenan."

Ya faɗo mini a rai in tambayi Baffa ko an taɓa canza wani abu a cikinta. Na auna maganar na ga nauyinta. Mutum ya ba ka kyauta a gaban jama'a, kai kuma ka dawo kana tambayar ko tana da aibi. Na haɗiye.

A hanya na kira taubashina. Na ce noti jere kamar maɓalli.

"Ka gani da idonka?"

"Da idona na gani." Wannan gaskiya ce.

"Rubutun fa?"

"Tsatsa ta cinye shi." Wannan kam ban san daga ina ta fito ba. Amma da in gaya masa hula na aika ta dubo mini, gara in ce komai. Da ya ji, har jikokina sai sun san labarin.

Duk da haka raina bai kwanta ba, don haka na yi shiri mai kyau. Na ce ranar da za a ja ta, da zarar mun fita gari mun sha kwana, zan tsayar da direba, in shimfiɗa buhu, in kwanta in duba a tsanake inda babu suruki. In ta baya ce in kwance farfela, babu wanda zai sani. Na yaba wa kaina da wannan tunani.

Na sayar da ragon da nake kiwo na sayi tayoyi na hannu. Na aro igiya mai kauri wajen wani maƙwabcina mai lodin shanu. Na yi ciniki da wani mai a-kori-kura da ke kai tattasai Dutse ranar kasuwa. Na sa farar rigata ta Juma'a, don ban ga dalilin da mai mota zai shiga gari da kayan dusa ba.

Muka ɗaura tayoyin, muka sauke ta daga kan bulo. Direban ya leƙa ciki, ya ga babu kuloci, ya ce, "Alhaji, atomatik ce fa. Ba za a kwance farfela ba?"

Kafin in buɗe baki Baffa ya amsa daga inda yake, "Ya duba. Ta farko ce."

Direba ya ce to. Ni ma na ce to. Na taɓa sifanar da ke aljihuna, na ce a raina kwanar farko.

Mun gama ɗaura igiya, na shiga na kama sitiyari, sai na ga Baffa ya shiga gida. Na zaci sallama ce ya yi mana a gajarce. Can sai ga shi ya fito da babbar riga shuɗiya mai aiki, da buta, da buzu a naɗe a hammata. Ya buɗe ƙofar baya, ya kaɗe kujera, ya zauna.

Ya ce, "Zan raka ta. In ga wanda zai duba ta, in dawo da yamma."

Muka sha kwanar farko, ban tsaya ba.

Ba zan ɓoye ba, farkon tafiyar ta yi daɗi. Tsohuwa tana lilo a kan hanya kamar kwalekwale. Baffa ya sauke gilashi, yana ɗaga wa mutane hannu, masu keke suna tsayawa suna kallo. Ya fara ba ni labarin hanyoyin kudu, da garuruwan da ake sauke shanu su sha ruwa, da wani dillali da ya taɓa sayar masa da sa mai ido ɗaya. A duk zamana da shi bai taɓa yi mini doguwar magana haka ba. Ni kuwa ina "na'am, Baffa", ina kokawa da sitiyari mai taurin turmi, da birkin da sai na miƙe a kansa yake ji.

Da muka wuce Jahun direban ya tuna da tattasansa, ya taka. A nan na fara jin wata ƙara daga ƙarƙashin kujera, siririya, kamar injin markaɗe a wata unguwa mai nisa. Na ce wa kaina tayoyin ne. Ƙarar ta matso unguwarmu. Sai wari ya biyo baya.

Baffa ya ce, "Wani yana toya abu a nan kusa, ya bar man ya ƙone."

Na ce, "Haka ne, Baffa."

Na danna oda don a ji ƙara a gaba, babu batir. Na fitar da hannu ta taga ina yi wa direba alamar ya rage. Ya hango ni ta madubi, ya ɗago mini hannu shi ma, ya ƙara wuta.

A Kiyawa muka tsaya sallar azahar. Na ce to, Allah ya kawo dama. Baffa zai shiga masallaci, ni in fake da alwala. Sai ya ce ƙafarsa ba za ta tsallaka titi ba, ya shimfiɗa buzu a inuwar motar, ya ja mu salla a nan, ni da direba. Ina sujada ina jin zafi yana fitowa daga ƙarƙashinta yana dukan kumatuna. Da muka sallame Baffa ya jingina da ƙofar baya yana lazimi, daidai inda ya saba.

Direban ya ja ni gefe ya ce, "Alhaji, tana wari fa."

Na ce, "Tsohon mai ne yake narkewa. Haka irinsu suke yi."

Ni mutum ne mai haƙuri, kowa ya shaide ni da wannan. Ranar na yi amfani da haƙurin inda bai dace ba. Na ce Dutse ta kusa, abin da ya jure daga Miga zai jure sauran.

Mun fara hango duwatsun gari kenan na ji wani abu ya daki ƙasan motar kamar an sauke taɓarya. Tayoyin baya suka cije, motar ta yi tsalle, igiya ta tsinke. A-kori-kura ta ci gaba da tafiyarta da guntun igiya yana reto, sai da ta yi nisa direban ya lura nauyi ya ragu. Mu kuwa muka ja ƙasa muka tsaya a gefen titi. Shiru. Wani siririn hayaƙi yana fitowa ta gefen ƙafata.

Baffa ya gyara hularsa ya ce, "Mun iso?"

Na ce, "Saura kaɗan, Baffa."

Na kira taubashina a waya, ya iso a kan babur da kwali a hammata. Ya durƙusa ya gaida Baffa, ya shaƙi iska sau ɗaya, ya dube ni. Ya shimfiɗa kwalin, ya kwanta, ya shige ƙarƙashi. Ƙafafunsa suka miƙe saitin Baffa, takalmi ɗaya ma a huje. Baffa ko a jikinsa. Muna jin ƙarar kankara.

Can ya ce, "Farfesa, miƙo hannunka."

Na duƙa na miƙa. Ya zuba mini wasu dunƙule-dunƙulen busasshiyar laka, kowanne da ɗan rami a tsakiya.

"Ga notinanka. Ƙirga mu ji."

Gidajen zanzaro ne. Shekara da shekaru suna gini a bakin kaskon nan, ɗaki kusa da ɗaki, a jere, da tsari fiye da na masu gini a Dutse. Notinan gaske kuwa 'yan kaɗan ne, nesa da juna.

Ya fito yana goge hannu. Ya ce wa Baffa, cikin ladabi, giyar ta baya ce, kuma ta ƙone.

Baffa ya ce, "To, ai kuwa. An taɓa canza mata wani babban ƙarfe a Kano, shekarar da direbana ya faɗa rami da ita. Da ka tambaye ni, Malam, da na gaya maka."

Na ce, "Haka ne, Baffa."

"Ni ranar nan ina ta jira in ga ka shiga ƙarƙashinta. Na ga kana ta zagaye, na ce ko ni ne na tare maka, har ciki na shige na ba ka wuri. Da na fito na ga ka duba da hula, sai na ce to, wataƙila haka ake koya musu a makarantar."

Taubashina ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa. Ya yi kamar tari ne.

Baffa ya ce, "Shiga ka gani mana, tunda ga kwali."

Suruki ya ba da umarni, babu yadda zan yi. Na kwanta rigingine a gefen titin Dutse, motoci suna wucewa, na ja jiki na shige, tafin ƙafafuna suna kallon Baffa. Sama ba ta faɗo ba. Baƙin mai mai zafi yana ɗiga a ƙirjin farar rigata. A gefen giyar ga ɗan ƙarfen nan, taubashina ya goge shi, babu tsatsa ko kaɗan. Na karanta baƙaƙen da lambobin ɗaya bayan ɗaya, da ƙarfi, ban yi kuskure ko ɗaya ba.

Daga waje taubashina ya ce, "Madalla. A ba shi na ɗaya."

Aka kwance farfela, aka ƙulla igiyar, muka ƙarasa gareji a hankali. Da aka buɗe giyar, cikinta kamar tukunyar da aka manta a kan wuta. Taubashina ya cika alkawarinsa na inji, ya tashe shi, yana kuwa yin wata ƙara mai taushi, ƙasa-ƙasa, wadda ban taɓa jin irinta ba. Sai dai motar ba ta motsawa ko taku ɗaya. Muka nemi giya a Kano, muka aika Kaduna, muka sa cigiya wajen masu kayan kwance. Kowa ya ga hoton giyar sai ya yi dariya ya ce ubansa ne ya san wannan. Taubashina ya gwada ko ta hannu za ta shiga, a sa mata kuloci, bakin bai yi daidai da injin ba.

Na je wa Baffa da wata shawara da na kwana biyu ina sassaƙawa. Na ce tunda ƙararta ake so a ji, a jawo ta zuwa Ringim, farfela a kwance, in mun kusa ƙofar gidan sai in tayar da inji.

Ya ce, "Malam, idonta ne ya yi rauni. Za ta ji motar da ke jan mu."

A ƙarshe a motar haya na kai shi. Na kama masa kujerar gaba shi kaɗai, ni ina baya. Muka sami yayar tasa a kan tabarma a tsakar gida, 'yar ƙaramar tsohuwa mai kaifin murya. Suka gaisa, ta shafa fuskarsa, ta ce ya rame. Sannan ta karkata kai wajen ƙofa ta ce, "Ban ji tsayuwar motar ba."

Baffa ya ce, "Tana Dutse wajen gyara, Yaya."

"Wa ke gyaran?"

"Ga shi nan, mijin 'yarki. Shi ya san kanta."

Ta lalubo hannuna ta riƙe, ta yi ta sa mini albarka, ta ce in yi a hankali da ita, kada in bari yaran gareji su taɓa ta. Na ce to, Gwaggo. Ta rasu kafin damina ta zagayo.

Motar tana nan a bayan gareji, taubashina yana tayar da injin lokaci-lokaci don kada ya kwanta, kuma duk baƙon da ya tambaya sai ya kira ni a waya in zo in ba da bayani da bakina. Abin da ya tafi a wannan sha'ani: giya ɗaya da babu irinta, rago ɗaya, igiyar maƙwabcina, farar riga ɗaya, da zuwa Ringim a cikin Tsohuwa.